Minti Huɗun da Aka Yanke

A saman ƙofar ɗakin 'yan ƙwallo na makarantar sakandaren garin Tolliver akwai wani allon katako mai jan rubutu. Ozella Tubbs ba ta iya karatu ba, amma wannan rubutu ta san shi kamar yadda ta san sunanta: "Ɗan Tolliver da ƙafarsa yake barin fili." Tsohon koci Stribling ne ya kafa shi, kuma duk yaron da zai fita wasa sai ya yi tsalle ya mare shi da tafin hannu.

Ƙwallon tasu ita ce wadda ake runguma a sheƙa da gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna karo da juna kamar raguna. Shekara talatin da ɗaya Stribling yana horar da yaran garin, yana bugun ƙirji cewa ba a taɓa ɗaukar ɗan wasansa a kwance ba. Wanda ya karye a ƙafa, a tallafe shi ya fita da ɗingishi. Wanda kansa ya bugu har ya manta sunan uwarsa, a shaƙa masa wani abu mai yaji a hanci, a miƙar da shi tsaye, jama'a su tafa. Garin kuwa yana son abin, kada wani ya gaya maka ba haka ba.

Lavon, ɗan Ozella tilo, shi ne na farko da aka ɗauka a kwance. Yana da shekara goma sha bakwai, wata Juma'a da yamma a shekarar 1989, ya tafi zai kayar da wani mai gudu da ƙwallo, kansa ya daki cinyar yaron. Ƙashin wuyansa na biyar ya fashe, laka ta lalace. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Yana iya ɗaga kafaɗa ya lanƙwasa gwiwar hannu, amma yatsun a dunƙule suke, da wuyan hannu yake tuƙa kekensa.

Abin da garin ya ce shi ne: yaron ya sunkuyar da kai, shi ya jawo wa kansa. Har suka mayar da shi darasi. Duk watan Agusta, kafin a fara horo, a tara sababbin 'yan wasa a nuna musu kaset ɗin wasan. Ga Lavon da gudu, ga kai a sunkuye, ga karo, ga shi a ƙasa, alƙalin wasa ya busa usur, hoto ya ɗauke. Sai Lavon ya turo kekensa gaba ya ce musu, "Ku ɗaga kai ku ga abin da za ku daka. Kada ku zama ni." Shekara goma sha tara kenan yana faɗar wannan magana, kuma ya yarda da ita, don shi bai tuna komai na ranar ba.

Ita kuwa Ozella tana benci na huɗu a ranar, da idonta biyu. Bayan ya faɗi ta ga ƙafarsa ta dama ta naɗe ta miƙe, ta sake naɗewa. Ta ga hannunsa yana damƙar ciyawa. Sai Stribling ya rugo, ya fizge hular kwanon daga kansa, ya ce wa yara biyu su miƙar da shi. Daga nan babu abin da ya sake motsi. Ta faɗi wannan a asibiti, ta faɗa wa shugabannin makaranta, ta faɗa wa fasto. Suka ce idon uwa ne, abin da take so ta gani shi ta gani. Da ta nemi kaset, aka ce ai mai ɗaukar hoto kashe kyamara yake yi da zarar an busa usur, haka ake yi ko'ina, don kada kaset ya ƙare. Stribling ya mutu, aka binne shi da ganguna. Ita kuma ta ci gaba da fafe tarwaɗa a kamfanin kifi har ta tsufa, maganar tana nan a maƙogwaronta. Abu ɗaya take so kafin ta mutu: ɗanta ya san ba shi kaɗai ya ɗora kansa a keken nan ba.

Ranar wata Asabar da safe tana yi masa aski a baranda, ta riƙe haɓarsa da yatsu biyu.

"Mama, kin yanke ni."

"Ka rufe baki mana, ko in haɗa da kunnen."

"Fuska dai ina jin ta, ki tuna."

"Na tuna. Ita kaɗai ce ta rage maka ta neman aure, ita ma ba wata ta kirki ba."

Yana cikin dariya sai ga farar motar Dorsey Mabry ta tsaya a bakin shinge. Dorsey shi ne kocin makarantar yanzu, kuma abokin Lavon tun suna 'yan firamare. Shi ya ƙera gadar katakon da keke ke hawa zuwa barandar. Duk Talata da Asabar yana zuwa ya ɗaga Lavon ya sa shi a kujerar wanka, tunda bayan Ozella ya daina ɗaukar nauyi. Kuma shi ne ɗaya daga cikin yara biyun nan da suka miƙar da Lavon a fili. Ozella ba ta taɓa kama sunansu ba, ko a asibiti, ko a gaban fasto, sunan Stribling kaɗai ta kama.

"Mama Zel, ina kwana? Ƙamshin me nake ji haka?"

"Ƙamshin abincin da ba naka ba."

"To bari in je in gaishe shi," in ji Dorsey. Ya shige kicin ya fito da burodin masara a hannu, yana ci yana magana. "Von, Litinin ƙarfe huɗu ne fa. Yara arba'in da biyu bana, wasu ƙanana kamar 'yan kaji."

"Wato za a sake nuna wa 'ya'yan mutane yadda ɗana ya kashe kansa," in ji Ozella.

"Mama, ban mutu ba."

"Na sani, ni ke share maka hanci."

"Ki bar maganar nan, don Allah. In yaro ɗaya ya ɗaga kai saboda ni, ai ban zauna a banza ba."

Dorsey ya duƙa yana duba katakon ƙarshe na gadar, wanda ya fara ruɓewa, ya ce zai samo wani. Bai ɗago ya kalle ta ba. Ta goge rezar a tawul ta shiga ciki.

Da la'asar ɗin ranar aka yi suyar kifi a harabar majami'a. Dattijo Purvis Gholston, ɗaya daga cikin dattawan majami'ar, shi ne a kan kasko. Tsohon mai raba wasiƙu ne, kuma shi ne ya shekara ashirin yana ɗaukar hoton wasannin makarantar daga saman rumfar 'yan kallo. Yana cikin juya kifi yana ba da labari, mai ya fantsama a kan wuta, kaskon ya kama ci bal-bal. Purvis ya saki matsamin kifin, ya ɗora hannu biyu a ka, baki buɗe, ya tsaya ƙyam. Wata mata ce ta zo ta kifa murfi a kan kaskon, wutar ta mutu. Mutane suka kwashe da dariya.

"Purvis kenan," in ji ƙanwarsa. "Tun yana yaro haka yake. Ranar da rumfar kajinmu ta kama wuta ma haka ya tsaya har ta cinye."

Ozella ba ta yi dariya ba. Farantin kifi yana hannunta, amma hankalinta yana filin wasa. A ranar nan, tana gangarowa daga benci da gudu, ta waiwaya tana neman wanda zai kira motar asibiti, ta hango Purvis a saman rumfa. Haka yake tsaye, daidai haka, hannu biyu a ka, kyamarar tana gefe a kan ƙafafunta uku, tana kallon fili. Ta ajiye farantin a kan tebur ba ta ci ba.

Washegari bayan an tashi daga majami'a ko hular Lahadi ba ta cire ba ta taka zuwa gidansa. Ta same shi a kujerar lilo, ya kwance tayen wuyansa, yana shan shayi mai ƙanƙara.

"'Yar'uwa Ozella! Lafiya dai? Zo ki zauna."

"Hannu nawa gare ka, Purvis?"

Ya kalli hannuwansa, ya yi 'yar dariya. "Biyu, sai dai in an ƙara mini ban sani ba."

"Ranar da ɗana ya faɗi, duka biyun suna kanka. Na gan ka. To da me ka kashe kyamarar? Da ƙafa?"

Kujerar ta daina lilo. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Can ƙasan titi wani yana yankan ciyawa da inji, suka saurare shi su biyu har ya kai ƙarshen layi ya juyo.

"An daɗe fa, Ozella."

"Ni za ka gaya wa? Ni ke juya shi sau huɗu kullum don kada fatarsa ta ruɓe. Na san an daɗe."

"Koci ya zo nan washegari tun kafin in karya," in ji Purvis, idonsa a kan takalmansa. "Ya ce in kwafa masa zuwa inda aka busa usur, in ƙone na asalin. Na kwafa masa."

"Na asalin fa?"

"Ban iya ƙonewa ba. Yana cikin akwatin hulunan marigayiya matata."

Ozella ba ta zauna ba. Ta riƙe ginshiƙin barandar.

"Shekara goma sha tara ana ce mini mahaukaciya a garin nan, kai kuma kowace Lahadi kana miƙo mini gurasar jibin Ubangiji da wannan hannun."

"Akwai yara biyu a ciki, Ozella. 'Yan shekara sha bakwai. Umarni aka ba su. Da an gani, da garin ya cinye su, ko su cinye kansu."

"Sai ka bari ya cinye nawa."

Ya tashi ya shiga ciki, ta ji ana jan akwati a ƙasa. Ya fito da baƙin kaset a cikin jakar leda, da tsohuwar na'urar bidiyo a hammata, wayoyinta suna reto.

"Ni zan ɗauka miki," ya ce. "Ba za ki iya haɗa wayoyin ba."

A falon gidanta ya durƙusa bayan talabijin ya haɗa komai, ya nuna mata maɓallin kunnawa da na mayarwa baya, sannan ya ɗauki hularsa ya fita ba tare da ya iya duban Lavon ba.

"Me ya samu Dattijo?" in ji Lavon. "Kamar wanda ya haɗiyi ƙaya."

Ta jawo kujera kusa da kekensa. "Zan nuna maka wani abu. In ka ce a kashe, zan kashe."

Ta kunna. Ya gane farkon nan take, ya ja tsaki. "Mama, wannan na san shi fiye da tafin hannuna."

"Yi shiru ka kalla."

Ga gudu, ga karo, ga usur. Hoton bai ɗauke ba. Iska tana kaɗa kyamarar, ana jin muryar Purvis kusa yana cewa, "Ya Ubangiji, ya Ubangiji." Can ƙasa a kan ciyawa yaro mai lamba ashirin da uku yana kwance rub da ciki. Ƙafarsa ta dama ta naɗe, ta miƙe. Ta sake naɗewa. Hannunsa ya damƙi ciyawa ya saki. Sai ga Stribling da farar hularsa, ya birkita yaron, ya kama hular kwanon ya fizge, kan yaron ya faɗa baya. Ya ɗan mare shi a kumatu, ya yafito yara biyu. Daga cikin hayaniyar 'yan kallo wata murya ta mace ta keto, siririya amma a fili, "Kada ku taɓa shi! Ku bar shi a kwance!" Yaran suka sa hannu a hammatarsa suka ɗaga. Jama'a suka fara tafi. Kan ya rataya a ƙirji, ƙafafun suka ja ƙasa kamar tsumma. Tafin ya mutu da kaɗan kaɗan, suka mayar da shi ƙasa. Minti huɗu cur kyamarar tana kallo kafin wani ya tuna da ita.

"Mayar baya," in ji Lavon.

Ta mayar. Sau uku ya sa ta mayar.

"Ƙafata ce waccan."

"Taka ce."

"Muryarki ce kuma."

"Tawa ce."

Ya daɗe yana kallon allon talabijin da ya koma shuɗi. "Amma na sunkuyar da kai, Mama. Ga shi nan."

"Ka sunkuyar. Ban taɓa cewa ba ka sunkuyar ba."

"Babu likitan da zai rantse miki cewa da sun bar ni a kwance da na tashi."

"Ni ba likita ba ce. Ƙafa tana motsi, aka ɗaga ka, ta daina. Iyakar abin da na sani kenan, kuma shi nake faɗa tun ranar."

"Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa ki," ya ce a hankali. "Ni ma haka na ɗauka, kamar kowa."

"Na sani. Naka ya fi na kowa ciwo."

Ta goge masa ido da gefen rigarta, tunda shi ba ya iyawa. Sai ya ce, "Na hagu ɗan gidan Yancey ne, wanda ya tafi soja bai dawo garin ba. Na dama lamba hamsin da huɗu."

Ya karkato kai ya dube ta.

"Dorsey ne. Kin sani?"

"Tun ranar."

"Kika bar shi yana cin burodinki?"

"Wa zai ɗaga ka zuwa wanka? Fasto?"

Ya juya kekensa ya fita baranda. Ta bar shi. Ta tsaya a kicin tana tsinkar ganyen miya, tana leƙen bayansa ta taga. Ta samu abin da take nema, amma mai yiwuwa ta raba ɗanta da abokin da ya rage masa a duniya, kuma mai yiwuwa ya ce a mayar da kaset ɗin cikin akwatin huluna. In ya ce haka, ta riga ta yanke wa ranta za ta mayar, don wuyansa ne ba nata ba. Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ya kira ta.

"Mama, ki sa kaset ɗin a jakar bayan keke. Gobe kuma ki shirya, tare za mu."

Ƙarfe uku da rabi na Litinin Dorsey ya iso. Ya sauke matakin motar, ya shigar da keken, ya durƙusa yana ɗaure ƙafafun keken da maɗauri. Da ya ga Ozella da jaka a hannu sai ya yi murmushi.

"Mama Zel, yau ke ma ƙwallo za ki koya?"

"Dorse," in ji Lavon, "yau ba kaset ɗinka za mu sa ba. Na Purvis za mu sa, cikakke."

Hannun Dorsey ya tsaya a kan maɗaurin. Ƙaton mutum ne, wuyansa kamar turmi, amma sai ya zauna daɓas a ƙasan motar.

"Akwai cikakke?"

"Akwai. Na gani jiya."

Dorsey ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya yi magana, muryar ba ta fita sosai. "Na ji abin a hannuna, Von. Da muka ɗaga ka na ji wani abu ya goce. Koci ya ce mana ba komai muka yi ba, kai ne ka sunkuyar da kai, kada mu sake mu buɗe baki. Kullum in na zo sai in ce yau zan faɗa maka, sai in koma gida ban faɗa ba." Ya juyo ga Ozella. "Mama Zel, me ya sa ba ki taɓa kama sunana ba?"

"Kai yaro ne a lokacin. Aka ce ɗaga, ka ɗaga. Amma yanzu ba yaro ba ne kai, ga furfura a gemunka. Allon nan yana nan a kan ƙofa, kai ke riƙe da mabuɗin ɗakin. Bara ina jin labari an miƙar da wani ɗan wasanka, jikan Hattie, tsaye yana tangaɗi, mutane suna tafi. A filinka, kana tsaye."

"Haka ne."

"To ni ban zo neman aikinka ba, ban zo neman hawayenka ba. A nuna abin yadda ya faru, har ƙarshe."

"In ba za ka iya tsayawa a wurin ba, ka jira a mota," in ji Lavon. "Ni dai zan sa."

Dorsey ya goge fuska da hularsa, ya ƙarasa ɗaure maɗaurin, ya ja ya tabbatar ya kama. Sannan ya miƙa wa Ozella hannu ta hau.

Ɗakin 'yan wasan yana warin zufa da tsofaffin safa, wata babbar fanka tana ƙara a kusurwa. Yara arba'in da biyu zaune a ƙasa. Mace ba ta shiga ɗakin nan, duk suka bi Ozella da kallo. Ita kuwa ta wuce ta ƙarƙashin allon ba ta ɗaga kai ba, ta samu kujerar koci ta zauna, jaka a kan cinya. Dorsey da kansa ya zura kaset ɗin.

Da aka busa usur, manyan yaran da suka taɓa gani suka fara gyara zama, sun ɗauka an gama. Sai hoton ya ci gaba. Wani ya ce, "Kai, yana motsi!" Daga nan ba wanda ya sake tari. Muryar matar nan ta keto ta cika ɗakin, wasu suka waiwayo suka dubi Ozella, ita kuwa idonta yana kan talabijin. Da aka zo inda aka ɗaga shi, Dorsey ya tsayar da hoton, ya ɗora yatsa a kan lamba hamsin da huɗu.

"Wannan ni ne," ya ce. "Aka ce in miƙar da abokina, na miƙar da shi, don a garin nan abin kunya ne a ɗauke ka a kwance. Kun ga ƙafarsa kafin in taɓa shi, kun gan ta bayan na taɓa shi. Shekara tara ina nuna wa yara rabin kaset ɗin nan, na san rabi ne."

Lavon ya turo kekensa gaba. Ya ɗan daɗe kafin ya samu magana, don wadda ya saba ta daina amfani.

"Ku ɗaga kai, wannan yana nan, ban janye ba," ya ce. "Amma in kun faɗi kuka ji wuya ko kai ba daidai ba, ku kwanta abinku. Ko duk garin yana ihu, ku kwanta. In abokinku ne ya faɗi, kada ku cire masa hula, kada ku ɗaga shi. Ku tsaya a kansa ku hana kowa taɓa shi har masu motar asibiti su zo. Ko koci ne ya ce ku ɗaga, ku ce a'a." Ya karkata kai wajen Ozella. "Waccan da kuka ji tana ihu uwata ce. Ita kaɗai ta yi daidai a filin nan, kuma ba wanda ya saurare ta, har da ni."

Ozella ta buɗe jaka kamar tana neman wani abu, ta rufe. Sannan ta miƙe.

"Dorsey, akwai tsani a ɗakin nan?"

Ya bi idonta zuwa saman ƙofa. "Mama Zel, tsofaffin 'yan wasa za su ci ni ɗanye. Rabin masu zaɓen shugabannin makaranta sun mari allon nan."

"Ka turo su gidana. Ina da talabijin, ina da kujeru."

Ya ɗauko tsanin ya hau. Kusoshi huɗu ne, sun yi tsatsa, na ƙarshe sai da ya sa ƙarfi. Da allon ya fita, sai ga tsohon gidan rina a bayansa, da fentin bango mai haske inda rana ba ta taɓa ba. Ya sauko da shi a rungume, ya tsaya bai san inda zai ajiye ba.

"Sa shi a mota," in ji ta.

Kafin gari ya waye labari ya zaga Tolliver. A kantin kayan miya wasu mata biyu suka kau da kai da suka hango ta, wani tsoho kuma da bai taɓa yi mata magana ba ya cire hula ya riƙe mata ƙofa. Ba ta tanka wa ko ɗaya ba, ta sayi sabulu da garin masara ta koma gida.

Talata ce, ranar wanka. Ta ɗora ruwa, ta shimfiɗa tawul, ba ta san ko zai zo ba. Ƙarfe goma sai ta ji tsayuwar mota. Ta leƙa ta taga ta ga Dorsey a gindin gadar katako, hula a hannu, ya kasa hawowa. Allon yana jingine da shinge inda ta sa aka ajiye shi.

Ta fito baranda, hannu a ƙugu. "Ka zo da guduma?"

"Tana mota."

"Katakon da ka ce za ka samo, ga shi can. Na auna da igiya, ya yi daidai. Ka kifa rubutun ƙasa."

Ya cire ruɓaɓɓen katakon, ya kifa allon a gurbinsa, ya buga kusoshi shida, ya taka da ƙafa ya ji ya zauna. Ya miƙe yana kallon ƙofar gidan, har yanzu bai hawo ba.

Daga ciki muryar Lavon ta fito. "Dorse! Sai na aiko maka da takardar gayyata ne? Ina warin akuya a nan."

"Ka ji dai," in ji Ozella. Ta buɗe masa ƙofar raga ta matsa gefe. "Ruwa yana hucewa. Kuma ka tallafi kansa da kyau."